Littafin da Na Ƙwace Daga Hannun Ngozi

Akwai wata magana da kuka taso kuna ji a kaina, kuma ban taɓa ƙaryata ta ba domin tana yi mini daɗi. Ana cewa ni ne malamin da ya fara koya wa ɗaliban makarantarmu aiki da takardar giraf yadda ya kamata, har tsofaffin ɗalibaina suke kirana Malam Giraf. Ke Zainab, na ji da kunnena kina gaya wa 'ya'yanki haka. Ina so ku san yadda abin ya faru daga bakina, tun ina da sauran ƙarfin riƙe alƙalami.

Shekarar da muka taso daga Ambursa muka koma Birnin Kebbi, yayanki Aminu yana rarrafe, ke kuma ba a haife ki ba. Na fito daga kwalejin malamai da takardar koyar da lissafi, aka tura ni wata sakandare ta jeka-ka-dawo a cikin gari. A gidanmu ni kaɗai na yi boko. Sauran 'yan uwana duk a fadama suke, suna noman shinkafa da albasa, kuma idan na je gida ranar hutu har dattawa sukan kawo mini wasiƙa in karanta musu. Na saba da a ce na sani. Wannan sabon shi ne ya kayar da ni. Wata biyu da fara aikina, malamin fiziks na makarantar, wani baƙo daga ƙasar waje, ya tattara kayansa ya koma gida. Shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce ai lissafi da fiziks uwa ɗaya uba ɗaya suke, in riƙe ajin kimiyya na 'yan shekara ta huɗu kafin a aiko wani. Na ce to. Ba a aiko kowa ba har na yi ritaya.

Abin da ban gaya masa ba shi ne, ban iya aiki da takardar giraf ba. Na san kamanninta, koren layuka ƙanana rututu kamar saƙar tabarma, amma ban taɓa zama da ita har hannuna ya saba ba. A kwaleji malaminmu ya yi jinya a zangon da ya kamata mu koya, da jarrabawa ta zo kuma na tsallake tambayar na amsa wasu. Idan na ƙura wa takardar ido sai layukan su riƙa rawa, in rasa inda zan fara ƙirga. To fiziks kuwa rabinsa awo ne da zane. A rataya nauyi a jikin sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan mai miƙewa, a auna yadda ya miƙe, a ƙara nauyi, a sake aunawa, sannan a ɗiga sakamakon a takarda a ja layi. Da na ga babu makawa, sai na nemi hanyar da ba za ta tona ni ba. Na ce wa ɗalibai kowa ya sayo littafin lissafi mai gida-gida, irin wanda yaran firamare suke rubuta lambobi a ciki. Gidajensa manya ne, ina iya ƙirga su daga nesa. Na ce musu kowane gida santimita ɗaya ne, kuma duk takarda mai gida-gida ɗaya ce, sai dai tsada. Yara arba'in da wani abu suka yarda, domin Malam ne ya faɗa.

A cikin ajin akwai wata yarinya, Ngozi. A Birnin Kebbi aka haife ta, Hausar bakinta ta fi tawa Kabanci. Mahaifinta, Emeka, ɗan kudu ne mai shagon littattafai da kayan rubutu a bakin kasuwa, kowa yana ce masa Emeka Mai Littafi. Mahaifiyarta kuma tana sayar da manja, a wurinta mahaifiyarku Kulu take awo. Ngozi ba ta da surutu. Tana zama a layi na biyu kusa da taga, fensirinta kullum a fiƙe, kuma idan na yi kuskure a allo nakan gane daga yadda take dakatar da rubutu.

Ranar da muka yi gwajin sifirin, na kwafe tambayar daga wata tsohuwar takardar jarrabawa na rubuta a allo. Tambayar ta ce a ɗauki santimita biyu a matsayin awo ɗaya. Na ce kowa ya ƙirga gida biyu. Ina zagayawa tsakanin bencuna sai na ga gaban Ngozi ba irin littafin da na ce ba ne. Littafin giraf ne sosai, sabo, ta riga ta ɗiga ɗigonta shida, sun jeru ƙyam kamar an ja su da zare. Na kowa kuwa, har da nawa na allo, ɗigon sun warwatse, sai an yi ta lallashin rula kafin layi ya ratsa ta tsakaninsu. Na tambaye ta ina littafin da na ce a sayo. Ta miƙe tsaye, ta sa hannuwa a baya.

"Malam, shina cikin jakata. Amma na auna gidajen da rula, ba su kai santimita ba. In munka ƙirga gida biyu, ba santimita biyu muka samu ba. Kuma in awo ya hwaɗo tsakiyar gida, sai dai mutum ya yi cinta, ya ƙiyasta da ido."

Ba da raini ta faɗa ba. Har ta miƙo mini rular da hannu biyu. Na karɓa, na ɗora a kan littafin wanda ke kusa da ita, na duba. Gaskiyarta ce, gidan bai kai ba, kuma ko makaho ya shafa zai ji. Kowa a ajin yana kallon fuskata. A cikin wannan ɗan lokacin na san abin da ya kamata in ce, kalmomi ne da ba su fi biyar ba. Amma abin da ya fito daga bakina daban ne.

"Ubanki ya ga kayansa ba su fita, shi ne ya aiko ki ki yi masa talla a ajina?"

Ajin ya fashe da dariya. Ni na so a yi dariyar, domin ita ce ta ɗauke idanu daga kan rular. Na ƙwace littafin, na sa mata sifiri a aikin ranar, na ce ta fita ta durƙusa a bakin aji har a tashi. Darasi biyu ne a haɗe, kuma tsakuwa ce a wajen. Ba ta yi kuka ba. Da aka kaɗa ƙararrawa ta tashi ta kakkaɓe gwiwoyinta ta shigo ta ɗauki jakarta. Kafin mako ya ƙare, 'yan ajin sun sa mata suna Mai Talla.

Littafin na sa shi a jakata na zo da shi gida. Bayan la'asar na zauna a tsakar gida na buɗe shi, ina kallon ɗigon nan shida, ina ƙoƙarin gane yadda ta yi. Kulu tana tsince shinkafa a faifai. Ta riga ta je kasuwa, ta riga ta ji. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Malam, mi kac ce ma ɗiyar mutane yau?"

Na ce harkar makaranta ce, ba ta shafe ta ba.

"Ta shahe ni, tun da ni ka zuwa awo wurin uwatta. Matar ga ta zuba min manja ta ƙara min gyara kamar kullum, ba ta ce komi ba, sai maƙwabciyarta ce ta ba ni labari. Na rasa inda zan sa idona. In yarinyar ta yi ƙarya, ka ce ta yi ƙarya. Ta yi?"

Na mayar da idona kan littafin. Ta ɗauki faifanta ta shige madafa. Kun san mahaifiyarku, ba ta maimaita magana. Abincin ranar ta ajiye mini shi ba tare da ta zauna kusa ba.

Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida, aka ce Emeka Mai Littafi ne. Na fita da shirin faɗa, har na tanadi abin da zan ce idan ya ambaci kai ƙara wurin shugaban makaranta. Na same shi tsaye gefen kekensa, gajere ne mai furfura a gefen kai, da wata jakar leda a hannu. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen Ambursa da labarin ruwa a fadama. Muka zauna a zaure. Ya buɗe ledar ya fito da littafin giraf da rula da fensir biyu ya jera a kan tabarma.

"Malam, ban zo hwaɗa ba. Ni ban gama sakandare ba, ubana ya rasu ina aji uku. Amma na yi shekara bakwai ina jan sarƙa ma masu awon hanya, da su niz zo ƙasar ga, lokacin da a ka aikin hanyar Argungu. Takardar ga da ita mu ka aiki kullum. Ngozi ta nuna min abin da ku ka yi a aji. Na ce a raina, malamin ga ya san lissahi, ɗiyata na yabon shi. Takardar ce ba a nuna mai ba. Wanga ba abin kunya ba ne, ni ma nuna min anka yi."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na buɗe baki zan ce na iya, sai na ga ya riga ya buɗe littafin ya ɗora ɗan yatsa a kan wani layi mai kauri. Ya ce in duba, daga wannan mai kaurin zuwa na gaba ƙananan gidaje goma ne, kuma santimita biyu ne cif, in auna in gani. Na auna. Ya ce to ashe kowane ƙaramin gida kashi ɗaya ne cikin goma na awon, ba sai an yi cinta ba. Layukan da suka shekara suna rawa a idona suka tsaya cik. Abin da na yi ta gudu ke nan, abin da mai shago ya bayyana mini kafin shayin da Kulu ta aiko ya huce.

Lahadi huɗu na yi ina zuwa shagonsa da yamma, bayan sun dawo daga coci. Yakan tura Ngozi gida kafin in iso, ya sakaya ƙofar shagon, mu zauna a baya tsakanin kwalaye. Ya koya mini yadda ake zaɓen awo don zane ya cika takarda, kada ya takure a lungu ɗaya. Ya koya mini a fiƙe fensir sosai, domin ɗigo mai kauri yana cinye gida guda. Ya jera mini takardu iri-iri, ya ce mai layi ta rubutun bayani ce, mai manyan gidaje ta jera lambobi ce don kada su hau juna, farar da ba layi ta zanen kusurwa da da'ira ce, giraf kuma ta awo ce, kowace da aikinta. Idan wani ya ƙwanƙwasa, sai ya rufe littafin da jarida ya ɗaga murya yana yi mini hirar ƙwallo. Bai taɓa bari ko mutum ɗaya ya ga Malam yana ɗaukar darasi ba. A Lahadin ƙarshe, da na tashi tafiya ina ta godiya, ya riƙe hannuna.

"Abu guda ni ka roƙo, Malam. Yarinyar ga ba ta son zuwa makaranta yanzu, saboda sunan da sunka sa mata. Ba sai ka ce ka yi kuskure ba. Ka ce ma ajin dai abin da ta hwaɗi daidai ne. Shi ke nan."

Na ce wallahi gobe-goben nan zan faɗa. Na rantse masa, ku ji da kyau, ba cewa na yi zan duba ba.

Da safe a kan keke ina ta maimaita maganar a bakina. Na shiga aji da littafinta a hannu. Sai na tarar da shugaban makaranta zaune a bencin baya, ya zo duba yadda nake koyarwa. Na ajiye littafin a kan teburina, na juya ga allo, na ce na yi dogon nazari a kan aikinmu, na gano cewa littafi mai gida-gida bai dace da awon kimiyya ba, saboda haka daga yau kowa ya nemo littafin giraf. Na zana layuka goma a allo, na bayyana musu da kalmomin Emeka, har da maganar fiƙe fensir. Darasin ya yi kyau ƙwarai. Shugaban ya kama hannuna a gaban yara ya ce irin malaman da ake nema ke nan. Da za a tashi na ba wa mai kula da aji littafin na ce ya miƙa wa mai shi. Ban dubi layi na biyu ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa zuwan shugaban ne ya hana ni. Amma washegari bai zo ba, jibi ma bai zo ba. Kowace rana maganar tana ƙara nauyi, ina cewa sai an sami lokacin da ya dace. Sifirin da na sa mata na goge shi a ɓoye na rubuta maki mai kyau, na ɗauka wannan ya isa. Da sabon zango ya kama, aka kawo mini takardar ɗaliban da suke son barin ajin kimiyya su koma na kasuwanci, malamin darasi sai ya sa hannu. Suna ɗaya ne a kai. Yarinyar da ta fi kowa a ajin, wadda ubanta ya gaya mini tana son ta zama injiniyar hanya. Na sa hannu, ban kira ta na tambaye ta dalili ba, domin na san dalilin.

Emeka bai taɓa tayar mini da maganar ba. Idan muka haɗu zai sauka daga keke ya gaishe ni, ya tambayi Aminu. Ni ne na fara sauya hanya, na daina bi ta bakin kasuwa. Shekaru suka tafi, ɗalibaina suna cin gwajin fiziks, sunana yana tafiya har makarantun Argungu da Augie ana gayyatata in nuna wa malamai. Da Emeka ya rasu aka tafi da gawarsa garinsu, Kulu ce ta je gaisuwa. Ni na ce ina da taro. Ranar walimar ritayata, bayan an gama jawabai da tafi mun dawo gidanmu na unguwar Gesse, tana cire mayafi ta ce mini, "An yi ma tahi da kayan mutane, Malam." Duk da haka sai da na ƙara shekara biyu kafin ƙafata ta iya kai ni shagon.

Ngozi ce take riƙe da shi yanzu. Ta faɗaɗa shi, ta sa injin kwafi, ta zama babbar mace mai tabarau, da jikoki. Tana ganina ta taso ta rusuna ta ce sannu da zuwa Malam, ta sa aka kawo mini kujera da ruwa. Na ce mata ba sayayya na zo ba. Na faɗi abin da na zo faɗa, ban tsara shi da kyau ba. Na ce ranar nan gaskiyarta ce, na sani tun a lokacin, kuma duk abin da na iya ubanta ne ya koya mini. Ta saurara har na gama, tana juya murfin biro a hannu.

"Na san Baba na koya maka, Malam. In ya kore ni gida, nakan tsaya bayan shago in ji. Durƙuson bai dame ni ba, an sha sa mu durƙuso. Ranar da ka shigo da littahina a hannu, Baba ya riga ya gaya min za ka yi magana, har na goge takalmina. Ina ta jira ka dube ni. Ba ka duba ba."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun da daɗewa, ba ta iya ɗaukar abu a rai shekara talatin. Sannan ta ce:

"Baba dai bai taɓa yarda cewa ba za ka hwaɗi ba. In na yi ƙorahi sai ya ce, ki ba shi lokaci, malamin ga mutumin kirki ne, ya rantse min, zai hwaɗi. Ko a asibiti ya tambaye ni ko ka zo."

Daga baya na tambaye ta abin da zan yi. Ta ce ita ba ta buƙatar komai, amma ba a shago aka yi mata dariya ba, a gaban mutane aka yi, kuma yawancinsu suna nan cikin gari.

'Yan wannan ajin suna da ƙungiya, sukan haɗu bayan Sallah. Na nemi a ba ni minti biyar, na aika wa Ngozi da ranar da wurin. Waɗanda suka zo ba su kai rabin ajin ba, wasu sun rasu, wasu suna nesa. Na tsaya na faɗi komai, da rular, da maganar talla, da Lahadi huɗu a bayan shago, da rantsuwar. Da farko wasu suka yi dariya, sun ɗauka barkwanci ne. Wata ta ce ita sam ba ta tuna an yi haka ba. Wani ya ce haba Malam, ai ya wuce, a zuba abinci. Sai wani mai furfura a baya, wanda yanzu babban ma'aikaci ne, ya miƙe ya ce shi ne ya fara kiranta Mai Talla, kuma shi ne ya rubuta sunan a bencinta da ƙusa. Ya zauna ya rufe fuska da hularsa. Ina magana ina duban ƙofa. Ngozi ba ta zo ba.

Washegari na bi ta shagon. Ta ba ni kujera kamar wancan karon, ta ce ta ji, mutum uku sun kira ta a waya, ɗaya har yana kuka. Ta ce ta gode. Na ce na so a ce tana wurin.

"Ni ai na riga na ji daga bakinka, Malam," in ji ta. "Baba ne bai ji ba."

Wata mata ta shigo da takardu za a yi mata kwafi. Ngozi ta ce in yi mata uzuri, ta tashi ta kunna injin.